Yadda za ka tallafa wa cibiyar ceto namun daji: ciyarwa, jinya da wayar da kai

Idan jami'an kwastam suka tare mota suka tarar da kwandunan aku ko 'yan birai a ɗaure, abin da muke gani a labarai hoton kamen ne kawai. Ba a cika nuna mana washegari ba. Dole wani ya karɓi dabbobin nan, ya nema musu makwanci, ya ciyar da su, ya yi jinyar miyakun da tarko da igiya suka bar musu, ya kuma ci gaba da yi har ranar da za su iya komawa daji, in ma za su iya. Aku kan yi shekara 40 zuwa 50 a duniya, birin cimfanzi ma haka, babban kunkurun Sahel kuwa yakan wuce 50. Duk cibiyar da ta buɗe ƙofa ta karɓi jaririn biri, ta ɗauki nauyin da zai iya fin shekarun aikin wanda ya karɓe shi. Shi ya sa taimakon da ya fi amfani a wannan harka shi ne wanda ake iya sa ran zuwansa kowane wata, ko da kaɗan ne. Ga yadda za ka bi.

Mataki na farko: ka tabbatar wurin ceto ne da gaske

Ba kowane gida mai keji ne cibiyar ceto ba. Gidan zu yana ajiye dabba don a zo kallo. Cibiyar ceto kuwa tana karɓar dabbar da aka ƙwato ko ta ji rauni, ta yi mata magani, ta mayar da ita daji idan hali ya yi, wadda ba za ta iya komawa ba kuma a riƙe ta cikin mutunci tare da 'yan uwanta. Akwai kuma 'yan kasuwar da ke fakewa da sunan ceto suna saye da sayarwa.

A Nijeriya wuraren da suka yi suna galibi a kudu suke. Ƙungiyar Pandrillus tana gudanar da Drill Ranch a Kalaba tun 1991, daga baya kuma a dutsen Afi, duk a Jihar Kuros Riba, inda ake kula da birin diril, wanda duk duniya ba a samunsa sai a Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko. A Legas akwai Greenfingers da kuma Saint Mark's, wadda ta shahara da ceton dankunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki da Turawa ke kira pangolin. A Kamaru akwai cibiyar Limbe da aka kafa a 1993, sai ta Mefou kusa da Yawunde. A Saliyo akwai Tacugama tun 1995. Da yawa daga cikin cibiyoyin birai suna ƙarƙashin ƙawancen PASA da aka kafa a shekarar 2000, kuma kasancewa a ciki alama ce mai kyau, don akwai ƙa'idojin da ake bi kafin a karɓi cibiya. A arewa kuwa, dabbar da aka ƙwato takan ƙare ne a gidan zu na gwamnati, kamar na Audu Bako a Kano, ko na Jos, ko Sanda Kyarimi a Maiduguri. Duk abin da zan faɗa game da abinci da magani ya shafi ɓangaren jinya na irin waɗannan wurare ma.

Kafin ka fitar da ko kwabo, ka yi tambaya. Suna da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi? Suna da izinin riƙe namun daji daga hukumar da abin ya shafa, ta tarayya ko ma'aikatar muhalli ta jiha? Wane likitan dabbobi ne ke duba su, kuma sau nawa yake zuwa? Akwai wurin keɓe sabuwar dabba? Dabbobi nawa suka sake a bara, kuma a ina? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In da hali ka je da ƙafarka. Ka duba kwanon ruwa, ka duba inuwa, ka lura ko dabbar tana da lungun da za ta ɓuya daga idon mutane. Idan aka miƙo maka ɗan biri ka rungume don a ɗauki hoto, ko aka yi maka tayin ɗan kunkuru ka kai wa yara, ka yi sallama ka tafi. Dabbar da ake shirin mayarwa daji ba a saba mata da hannun mutum, domin wadda ta daina tsoron mutum ita ce ta farko da maharbi zai samu.

Mataki na biyu: ka tambayi abin da suke buƙata kafin ka saya

Wannan gajere ne amma mutane da yawa suna tsallake shi. Ka kira ko ka rubuta, ka ce ga abin da kake iyawa, me ya fi damunsu a wannan wata. Wata rana amsar za ta ba ka mamaki: man janareta don firjin magani, gyaran famfon rijiyar burtsatse, ragar ƙarfe, takalman roba na ma'aikata. Mota guda ta kankana da ba a nema ba tana iya ruɓewa cikin kwana uku, ta zama aikin kwashewa.

Mataki na uku: kuɗi, kuma a kan kari

Mai ba da gudummawa yana son ya ga sunansa a jikin sabon keji. Amma abin da ke cinye kuɗin cibiya kullum shi ne abinci da magani da albashin masu kula, kuma su ne mafi wuyar samun mai ɗaukar nauyi. Jaririn biri da aka kashe uwarsa yana buƙatar mutum dare da rana, ana ba shi madara bayan 'yan sa'o'i, ana goya shi. Dankunya ya fi wannan wahala: ba ya cin komai sai tururuwa da gara, kuma da wuya ya yarda da abincin kwano, don haka sai wani ya fita da shi jeji kullum ya tsaya a kansa sa'o'i yana kiwo. Aku kuwa ana kama shi da danƙo a reshe, a yanke masa gashin fiffike, sai ya shafe watanni kafin sabon gashi ya fito ya iya tashi. Duk wannan lokacin mutum ne ke tsaye, kuma mutumin nan yana da iyali.

Saboda haka ka yanke abin da ba zai gagare ka ba, ko dubu biyu ce, ka umarci bankinka ya riƙa turawa duk wata a rana ɗaya. Ka tura asusun ƙungiya, ba na wani mutum ba, ka nemi rasit. In za ka iya, kada ka ɗaure kuɗin da sharaɗin sai a kan dabba kaza. Kowa zaki da biri yake so, amma mujiya da ungulu da damo su ma suna ci. Wasu cibiyoyi suna da tsarin ɗaukar nauyin dabba guda, a riƙa aiko maka da labarinta. Wannan yana da kyau musamman ga makaranta ko ƙungiya, sai dai ka sani dabbar ba ta zama taka ba, kuma ranar sakinta ita ce ranar nasara. Abokan zama a majalisa ko 'yan ofis ɗaya suna iya yin karo-karo irin na adashi, wanda aka amince da shi ya tura a madadin kowa, ya nuna rasit.

Ga Musulmi, wannan sadaka ce, kuma sanannen abu ne a hadisi cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai, har an gafarta wa wanda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Zakka dai tana da mutanenta guda takwas da aka ayyana, kada a haɗa su.

Ka kuma tambaya ko suna da asusun ko-ta-kwana. Abin da ya faru a Sudan ya isa darasi. A watan Janairun 2020 hotunan zakuna da yunwa ta ƙarar a wani lambu na Khartum suka zagaya duniya, matasa masu sa kai suka tashi suka kafa cibiyar ceto a Al-Bagir, kudu da birnin. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, hanyar abinci da ruwa da wuta ta yanke, dabbobi suka riƙa mutuwa, sai a Nuwamba ƙungiyar Four Paws ta samu shiga ta kwashe waɗanda suka rage. Ba sai yaƙi ba: ambaliya, tsadar mai ko annobar da ta hana baƙi zuwa duk suna iya tsayar da kuɗin shiga, ciki kuwa ba ya jira. Idan ka samu wata rara, nan ya kamata ta je.

Mataki na huɗu: kayan abinci da magani

A nan ne manomi da ɗan kasuwa suke da abin da mai albashi ba shi da shi. Barewa da gada suna cin harawa da dusa da ganye. Birai suna cin ayaba, gwanda, mangwaro, dankali, masara da ganyaye. Kunkuru ciyawa da ganye yake so, ba shinkafa ko burodi ba. Mai sayar da kayan gwari a kasuwa zai iya ware abin da ya ɗan bugu bai ruɓe ba, a shirya mai Keke Napep ya riƙa ɗauka a rana tsayayya. Cibiyoyin kirki ma sun fi son sayen abinci a hannun manoman da ke kewaye da su. Drill Ranch tana yin haka a ƙauyukan Afi, Limbe kuma tana biyan tsofaffin mafarauta su yanko wa birai ganyen daji. Wanda yake samun kuɗi daga ciyar da biri ba shi da sha'awar harbinsa. Idan ka ba da kuɗin abinci, ka taimaki dabba da maƙwabcinta a lokaci guda.

Sai dai a kiyaye. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna guba ce, tana lalata hanta, tana kuma jawo wa tsuntsaye ciwon huhu. Abin da ba za ka ba kajinka ba kada ka kai musu. Fiya tana kashe aku. Ganyen da aka yi wa feshin maganin ƙwari kwanan nan, a faɗa musu gaskiya. Idan mahauci ne kai kana son ba da nama ga kuraye ko ungulu, ka tabbatar dabbar ba mushen cuta ba ce, kuma ba a yi mata allura ba da jimawa. Maganin ciwon jiki na dabbobi mai suna diclofenac shi ya ƙarar da fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu jinsunan ungulun Indiya daga shekarun 1990, ta hanyar cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa.

Magani kuma sai da takardar likitansu. Abin da ke warkar da wata dabba yana kashe wata: ivermectin da muke ba awaki yana hallaka kunkuru, farasitamol yana kashe dangin kyanwa da macizai. Abubuwan da kusan kullum ake maraba da su su ne safar hannu, takunkumi, sirinji, auduga, bandeji, ruwan ƙarin jiki, maganin wanke ciwo, sabulu, bokitai, tsofaffin tawul da barguna masu tsabta, da ma'aunin nauyi. Ka duba ranar ƙarewar aiki. Maganin da ya gama aiki kaya ne ka ƙara musu na zubarwa.

Mataki na biyar: ka ba da sana'arka

Mafi yawan masu son aikin sa kai suna hango kansu riƙe da kwalbar madara. Aikin da ke akwai kuwa shara ne, wankin kwano, yankan kayan lambu da ɗibar kashi. Kuma wanda aka fi nema sau da yawa ba ya ma taɓa dabba: mai walda da zai gyara ƙofar keji, kafinta, birkila, mai haɗa sola, mai gyaran famfo, direba, akawun da zai daidaita littafin kuɗi, lauya, mai ɗaukar hoto. Ɗaliban likitan dabbobi daga Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri suna iya neman yin aikin koyon sana'a a irin waɗannan wurare, kowa ya amfana.

Idan aikinka zai kai ka kusa da dabbobi, ka yi allurar rigakafin tetanus da ta ciwon haukan kare. A wurin birai za a nemi gwajin tarin fuka, domin murarka da tarinka suna kama su, kuma suna iya kashe su. Sabon biri yakan yi kamar wata uku a keɓe ana gwaje-gwaje kafin a haɗa shi da sauran. Idan aka hana ka shiga wannan ɓangare, ba raini ba ne. Ka faɗi ranakun da za ka zo, ka kuma cika, don an riga an tsara aikin ranar da kai a ciki.

Mataki na shida: kada ka sayi dabba don ka cece ta

Wannan shi ne wurin da masu tausayi suka fi yin ɓarna, kuma zan daɗe a kansa. Kana tafiya a hanya ka ga yaro riƙe da ɗan jan biri da igiya a ƙugu, ko dankunya a buhu, ko gauraka an ɗaure mata ƙafa. Zuciya ta ce ka biya ka ƙwace ta. Da ka biya, mai sayarwa ya koyi cewa akwai kasuwa, jibi zai dawo da biyu. Ɗan biri kuma ba a samunsa sai an harbe uwar da yake maƙale a jikinta. Cibiyoyin da suka san aikinsu ba sa sayen dabba saboda wannan dalili, ko da za ta mutu a gabansu, kuma wannan hukunci ne mai ciwo da na yarda da shi.

Abin yi shi ne ka lura da wurin da lokacin, ka sanar da cibiyar da hukuma. A Nijeriya akwai NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007, da ma'aikatan gandun daji na jiha, a Nijar kuma jami'an ruwa da gandun daji. Dokar Nijeriya ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta haramta cinikin jinsuna da dama. A taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin namun daji, na 2016 a Johannesburg an haramta cinikin dankunya da aku mai ruwan toka na daji tsakanin ƙasashe. Kada ka tsaya cacar baki da dillali, kada ka sa kanka a haɗari. Idan wanda ke riƙe da dabbar ɗan uwa ne ko maƙwabci, lallashi ya fi barazana. A je da dattijo ko mai unguwa, a nuna masa cewa ɗan birin nan mai ban sha'awa nan da 'yan shekaru zai yi fiƙa ya ciji yaro, a roƙe shi ya miƙa da kansa.

Idan kuma dabbar da ta ji rauni ka tsinta, ka fara kiran waya kafin ka taɓa. Tsuntsu ko bushiya ko ƙaramar dabba, a lulluɓe ta da tsumma, a sa a kwali mai ƙofofin iska, a ajiye a inuwa wurin da ba hayaniya, a kori 'yan kallo. Kada a ɗura mata ruwa, yana shiga huhu. Kada a ba jaririn dabba nonon shanu ko madarar shayi, gudawa ke kashe shi. Barewa kada a bi ta da gudu, don tsoro da gajiya kaɗai suna lalata mata tsoka ta mutu bayan kwana ɗaya ko biyu. Ɗan barewa ko ɗan gada da ka gani kwance shiru a ciyawa galibi ba maraya ba ne, uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo. Biri, kura, dila, jemage da maciji kuwa a bar wa masu horo. In an yi cizo ko yaƙushi, a wanke da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti ranar.

Mataki na bakwai: ka riƙe ɓangaren ilimantarwa da muhimmanci

Keji cika yake yi. Hanya ɗaya da za a rage masu shigowa ita ce a rage masu kamawa da masu saye, kuma wannan aikin malami ne. Cibiyar Limbe tana da kulob na yara da ke zama ranar Asabar, ma'aikatanta kuma suna shiga makarantu. Abin da ke hana irin wannan shiri tafiya ƙanana ne: kuɗin mota, takardu, abin taɓawa ga yara. Ɗaukar nauyin motar da za ta kai aji guda ziyara abu ne da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta iya. Malami ya shirya yaran tun daga makaranta: ba ihu, ba jifa, ba miƙa biskit. Bayan an dawo a sa su rubuta ko su zana abin da suka gani, a tambaye su yadda kowace dabba ta zo wurin, don a labarin zuwanta darasin yake.

Ga mai jin Hausa akwai gurbin da ba kowa zai cike ba. Yawancin takardun wayar da kai da Turanci ko Faransanci suke, alhali Hausa ce harshen ciniki a kasuwanni da yawa da namun daji ke bi, daga Kano har Marwa da Kumasi. Ka nemi izinin cibiyar ka mayar da saƙonta Hausa, ka naɗi murya a tura ta WhatsApp, ka nemi fili a gidan rediyo. Ka yi amfani da sunayen da mutane suka sani, ka ba likitansu ya duba kafin ka yaɗa.

Ungulu ce misalin da ya fi kusa da mu. Dattawa sun san lokacin da ba a raba mayanka da ita, yau yara da yawa ba su taɓa ganinta ba. Tun 2015 aka sa ungulun nan ta gari cikin jinsunan da ke dab da ƙarewa, kuma cikin manyan dalilai akwai guba da cinikin sassan jikinta don magani da tsibbu. Gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya, NCF, ta yi aiki da masu maganin gargajiya don su koma ga itatuwa a madadin sassan ungulu. Wannan ita ce hanyar da nake ganin tana ɓullewa: a zauna da sarkin baka da 'yan shimfiɗa da gardawa da shugabannin mahauta cikin girmamawa, a saurari yadda suke cin abinci, sannan a yi maganar mafita. Su suka fi kowa sanin daji, kuma in suka yarda, su ne za su fara kiran waya idan dabba ta faɗa tarko. A Kure ta Nijar, raƙuman dawa sun ragu zuwa kusan 50 a tsakiyar shekarun 1990, suka farfaɗo suka haura 600, har aka ɗebi takwas zuwa Gadabeji a 2018. Da mutanen ƙauyukan ba su yarda su zauna da su a gonakinsu ba, da hakan bai yiwu ba.

Akwai ranakun da ke sauƙaƙa samun fili a makaranta ko rediyo: Asabar ta uku a Fabrairu ta dankunya ce, 3 ga Maris ta namun daji, Asabar ta farko a Satumba kuma ta ungulu. Limami ko fasto da aka ba bayani mai inganci zai isar da shi inda takarda ba ta kaiwa. A shafukan sada zumunta kuma, ka daina yaɗa bidiyon biri sanye da riga ko zaki a falon attajiri, ko da tsinuwa ka rubuta a ƙasa, domin yawan kallo ne ke sa wasu sha'awar mallaka.

Mataki na takwas: ka bibiya

Bayan wata shida ka nemi bayani: dabbobi nawa suka shigo, nawa aka saka, nawa suka mutu, makarantu nawa aka ziyarta. Kada adadin mace-mace ya firgita ka, da yawa sukan iso a galabaice ne, musamman dankunya da tsuntsaye. Wurin da ya ce bai taɓa rasa dabba ba shi ne abin tuhuma. Idan ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka fara faɗa wa shugabannin wurin kai tsaye, in ba gyara ka kai wa hukuma. Idan kuma hali ya canza ba za ka iya ci gaba da bayarwa ba, ka sanar da su wata biyu kafin ka tsaya, don su nemi wanda zai maye gurbinka a lissafin abinci.